Buhun da Ya Karkace

Ranar da Lovro ya gaya wa uwarsa zai tumɓuke gonar hemel, furen nan da ake sa wa giya, ko kai bai ɗago daga kwanon miyar kabejinsa ba. Ya ce ya gama magana da maƙeri, ana ƙera masa sarƙa mai ƙugiya, kuma da zarar an wuce idin Waliyyi Martin zai ɗaura wa shanu ita su finciko saiwoyin ɗaya bayan ɗaya, ya zuba dankali a wurin. Ya faɗi maganar ne kamar mai ba da labarin ruwan da aka yi jiya. Zalka ta ajiye cokalinta ta ƙirga a zuci. Saura kwana goma sha tara.

Da a ce shekara biyar baya ne, da cokalin nan a goshinsa zai sauka. Amma gonar ta bar hannunta. Bayan rasuwar mijinta Mohor ta sa hannu a takarda ta miƙa wa ɗanta gida da gona, yadda ake yi a kwarinmu na Savinja, aka bar mata ɗakin da ke bayan murhu, da saniya ɗaya, da itacen tuffa uku, da bakinta. Bakin ne kaɗai ba a rubuta a takardar ba, shi ne kuma ta fi mora.

Ta tuna masa cewa ita da ubansa suka dasa saiwoyin nan tun yana rarrafe, shekara talatin da huɗu ke nan, kuma wanda ya cire hemel yau, in ya yi nadama gobe, sai ya jira shekara uku kafin ya sake tsinkar fure na kirki. Lovro ya ce duk ya sani, ta leƙa taga kawai. Ta leƙa. A ƙetaren rafi hayaƙi na tashi daga gonar maƙwabcinsu Jernej, wanda ya riga ya cire nasa ya tara ya cinna musu wuta. Kwana uku ke nan warin yana shigo musu har ɗaki.

Gaskiya ba za a ga laifin Lovro ba. Hemel ba hatsi ba ne, ba a yin burodi da shi, alade ma ba ya ci. Aikinsa ɗaya ne a duniya, a zuba busasshen furensa a tukunyar giya ya ba ta ɗaci da ƙamshi. In masu dafa giya suka juya maka baya, sai dai ka cusa shi a matashin kai. Bana kuwa sun juya. A watan Satumba wani dillali mai suna Rautner ya zagayo ƙauyuka da hularsa mai gashin tsuntsu, yana taya kilo dinar takwas, abin da shekara uku baya ake rububinsa a kan sittin. Lovro ya sayar masa da buhu biyu don a sallami masu tsinka su koma garuruwansu. Ko a nan ma sai da mutumin ya zabge dinar ɗaya, wai buhunan sun karkace, ba su da kyan gani. Sauran goma sha takwas suna nan jingine a saman ɗakin busarwa, ba mai tayawa.

Abin da ya fi ci wa Zalka rai shi ne kamfanin giyar garin Vrbno. Daga tsakiyar gonarsu kana hango bututun hayaƙinsa, tafiyar awa ɗaya ce a keken shanu. Amma ko fure ɗaya ba sa saye a kwarin. Daga Jamus ake kawo musu a jirgin ƙasa, da tambari da hatimin dalma, a biya kuɗin jirgi, a biya kwastan, ya sauka a kan dinar arba'in da biyar. Kowa ya san wannan farashi, domin su da kansu suke faɗa suna taƙama.

Maganar karkacewar buhu kuwa tana da asali. A wurinmu ba inji ke matse hemel ba, mutum ne. Akwai rami zagayayye a daɓen saman ɗakin busarwa, a nan ake rataya buhu, wanda ya ɗan fi mutum tsawo, sai namiji ya shiga ciki, ana zuba masa fure a ka yana zagayawa yana tattakawa, yana tasowa a hankali har buhun ya cika ya yi tauri kamar cuku. Lovro ne mai tattaka na gidansu. To, shi ya dawo daga babban yaƙi da gutsuren ƙarfe a gwiwar hagu, ƙafar ba ta ɗaukar nauyi, dama ce ke yin duk aikin. Saboda haka kowane buhu nasa, gefe guda ya fi dannuwa, in aka tsayar da shi sai ya ɗan rusuna hagu. Yana jin kunyar abin ƙwarai, ba ya kuma son a ambata.

Akwai kuma wani abin da yake jin kunya, shi kuma na uwarsa ne. Kowace shekara, ranar idin Maryamu na tsakiyar Agusta, mata kan kai ganyayyaki coci, fada, wato limamin cocin, ya sa musu albarka, washegari a fara tsinkar hemel. A zamanin da, kowane gida kan ɗaure ɗan ƙunshi daga ganyen nan a jefa cikin buhu in an kai rabi, don Allah ya tsare shi daga ruwa da ruɓa a hanya. Duk kwarin an daina, sai Zalka. Nata ƙunshin na tazargade ne da na'a-na'a, ɗaure da zaren ulu ja da baƙi wanda take kitsawa da hannunta. Duk lokacin da ta duƙa a bakin ramin ta jefa, sai muryar Lovro ta fito daga cikin buhu yana mita, wai me ya haɗa Maryamu da giya, wai wata rana wani zai tsinci ciyawa a kayansu ya mai da su abin dariya. Ita kuma ta ce masa ya tattaka da ƙafa, ba da baki ba.

Ranar Alhamis Lovro ya ɗaura shanu zai je Vrbno karɓo sarƙarsa. Yana fitowa ya tarar da uwarsa zaune daram a kan keken, da ɗankwalinta na zuwa coci, da wani ƙulli a cinya. Ta ce za ta je ta ga Florjan. Lovro ya ce ta rufa wa kanta asiri, sau biyu ubansa yana zuwa wurin mutumin nan ana koro shi. Ta ce ai ubansa mutum ne mai kunya. Da suka shiga gari, ya sauke ta a ƙofar kamfanin, ya wuce maƙera.

Florjan Petek shi ne uban tukunya a kamfanin, hancinsa ke yanke abin da za a saya da abin da za a ƙi. Zalka ta san shi tun yana yawo ba takalmi, domin uwarsa Cilka ta yi shekara ashirin tana tsinka a gonarsu. Ya je Munich ya yi shekara biyu yana koyon sana'a, ya dawo da gashin baki murɗaɗɗe da agogon aljihu, daga nan kuma duk abin da ya tsiro a kwarin da aka haife shi ya zama na ƙauye. Ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Ya dai ɗauki kansa ya kai inda hannunsa ma ba ya kaiwa.

Ta same shi a sito, wuri mai sanyi da duhu-duhu, yana tsaye da leburori biyu masu gangara ganga. Ta gaishe shi da Gospod Florjan, wato Yallaɓai Florjan, kamar yadda yake so, ko da yake ba da son ranta ba. Shi kuma ya kira ta Teta Zalka, wato Gwaggo Zalka, ya tambayi ƙafar Lovro. Ta kwance ƙullin ta miƙa masa. Ya ɗebi fure kaɗan da kan yatsu, ya murza tsakanin tafukansa, ya kai hanci, ya shaƙa sau ɗaya, ya yamutsa fuska. Ya ce an busar da shi da kyau, ba laifi, amma ƙasar kwarin nan ce ba ta da daraja, duk abin da ta fitar yana da ɗan warin tafarnuwa a ƙarshe. Ya ce ba laifinta ba ne, haka Allah ya yi ƙasar. Ya karkaɗe hannu, furen ya zube a ƙasa, ɗaya daga cikin leburorin ya taka.

Zuciyar Zalka ta tafasa, amma ta cije. Ta tattara ƙullinta za ta fita, kuma da ya bar ta ta fita da shi ke nan, labari ya ƙare, da yanzu dankali ne a gonar. Amma Florjan mutum ne da ba ya iya ƙin abu bai koyar da darasi ba. Ya ce ta dakata ta ga abin da ake kira hemel, ko sau ɗaya a rayuwarta.

Ya ja ta ƙuryar siton, inda buhuna huɗu suke tsaye a kan katako, sababbi fil, farare, kowanne da tambarin shuɗin tawada da rubutun Jamusanci da dalma tana lilo a bakinsa. Shekaranjiya suka sauka daga jirgi. An ɗan farke bakin na farko. Ya zura hannu ya ɓanto dunƙule, ya murza a hankali, garin nan mai ruwan ɗorawa ya manne masa a tafi, ya lumshe ido ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa samun kaya kamar na wannan buhun ba, ga sanyin ƙamshi, ga mai, ba ko ɗigon tafarnuwa. Sannan ya kai tafinsa daidai hancinta.

Ta shaƙa don kada ta yi rashin kunya. Sai ta matso ta sake shaƙa.

Mace ba ta kasa gane warin ɗakinta. A ƙarƙashin ƙamshin furen akwai wani ɗan abu siriri, zaƙi-zaƙi, irin wanda busasshen itacen tuffa ke bari in an haɗa shi da gawayi a murhun busarwa. Mohor ne ya fara yin haka, kuma ba ta san wani gida da ke yi ba. Amma ta san hanci ba shaida ba ne, balle hancin tsohuwa a gaban na Munich. Ta ja da baya taku uku don ta sami numfashi, ta ɗaga ido ta dubi buhunan gaba ɗaya. Biyu na can gefe suna tsaye sak kamar sojoji. Biyu na kusa, har da wanda aka farke, sun rusuna hagu.

Ta tambayi Florjan, da murya mai sanyi, me ya sami waɗannan biyun suka karkace. Ya ce jijjigar jirgi ce, hanya da nisa.

"Jirgin ya iya zaɓe," in ji ta. "Ya girgiza biyu ya bar biyu. Florjan ɗan Cilka, wannan hemel ɗin nawa ne."

Leburorin suka daina abin da suke yi. Florjan ya yi dariya, irin wadda ake yi wa wanda tsufa ya fara taɓawa, ya nuna mata tambarin da dalmar. Ta ce ta gani, riga ce, kowa na iya sa riga. Ta ce buhu biyu suka bar gidanta a Satumba a hannun Rautner, dinar bakwai, aka kai su Jamus, aka tuɓe musu tsohon buhu aka ɗinka sabo, domin hemel ɗin da ya yi wata a matse ko an cire masa buhu yana nan tsaye da siffarsa, ga su sun dawo gida a kan arba'in da biyar sun koyi Jamusanci. Ta ce wanda ya zubar a ƙasa ɗazu da wanda yake lumshe wa ido yanzu, rana ɗaya aka tsinke su a layi ɗaya.

Dariyar ta ɗauke. Ya ce wa leburorin su raka Teta waje. Ita kuwa ta samu wata ganga ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta ɗaga murya yadda take ɗagawa in tana kiran masu tsinka cin abinci daga ƙarshen gona. Muryar ta haura bene har ofis.

Haka Gospod Strmole, mai kamfanin, ya sauko yana haki. Ƙaton mutum ne wanda kowace dinar da ta fita daga hannunsa sai ya ji kamar haƙori aka cire masa. Giya bai san kanta ba, gado ya yi, shi ya sa bai taɓa musa wa hancin Florjan ba, ko da yake duk shekara in takardar Jamus ta zo sai ya yi kwana biyu ba ya cin abinci da daɗi. Ya ji bayanin Florjan, cewa tsohuwa ce ta rikice. Ya ji na Zalka. Da ta zo wurin bakwai da arba'in da biyar, sai kunnensa ya yi ja.

Ta ce a farke buhun daga sama har ƙasa a tona cikinsa. A tsakiya za a sami ƙunshin tazargade da na'a-na'a, ɗaure da ulu ja da baƙi, kitso uku. Florjan ya yi tsalle ya ce ba zai yiwu ba, buhun da aka tona cikinsa iska ta shige shi, cikin wata guda ya zama ciyawa, wa zai biya asarar? Strmole ya juyo ya dube ta, domin tambayar ta shige shi.

Zalka ba ta da kuɗi, kowa ya sani. Tana da saniya. Ita ce madararta, ita ce man shanunta da take kai kasuwa, ita ce abin da ya sa ba ta roƙon ɗanta ko kuɗin gishiri. Ta ce in aka tona ba a sami komai ba, gobe da safe su aiko a kwance saniyar. Sai da ta faɗa sannan ta tuna ashirin ne buhunan, kuma ranar da aka cika na ƙarshe-ƙarshe ta yi ta sauka duba wuta. Anya kowanne ta jefa wa?

Ana cikin haka aka ji ƙarar ƙarfe a bakin ƙofa. Lovro ne, ya gaji da jira a waje, ya shigo neman uwarsa da sabuwar sarƙa rataye a kafaɗa. Ya taho yana ɗingishi har ya zo kusa da buhun da ake magana a kai, ya tsaya, ya sauke nauyinsa yadda ya saba. Shi da buhun tsawonsu kusan ɗaya, kuma duk biyun sun rusuna hagu, daidai wa daida. Ɗaya daga cikin leburorin ya toshe baki ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Strmole ya dubi mutum, ya dubi buhu, ya sake duban mutum. Ya ce a kawo wuƙa.

Lovro ya gane abin da ake yi wa dariya, fuskarsa ta yi ja har wuya. Da aka gaya masa uwarsa ta sa saniyarta, sai ya ce mata a hankali, "Mama, kin kashe mu." Ta ce ya yi mata shiru.

Aka kwantar da buhun a ƙasa. Florjan ya ce ba wanda zai taɓa sai shi, ya nannaɗe hannun riga, ya tsaga shi tun daga baki har gindi, ya auna tsakiya da taƙi, ya shiga ɓantarowa. Furen ya matsu ƙam, yana fitowa falle-falle, ƙamshi ya cika siton har yana sa mutum jiri. Ya tona har hannunsa ya shige zuwa gwiwa. Ba komai. Ya faɗaɗa ramin sama, ya faɗaɗa ƙasa, ya kai inda yatsunsa suka taɓa buhu ta ɗaya gefen. Ba komai sai hemel. Ya miƙe yana karkaɗe hannu, gashin bakinsa ya dawo da ƙarfinsa, ya ce wa Strmole yana fata saniyar mai nono ce.

Zalka tana nan zaune a kan ganga. Ba saniyar ce ta fi damunta ba a lokacin. Sarƙar nan take kallo a kafaɗar ɗanta, da ƙugiyarta sabuwa mai baƙin maƙera, tana ganinta a cikin saiwoyin Mohor. Kunya kuma ta rufe ta, don ta san kafin yamma duk Vrbno za a ji.

Lovro ya matso kusa da buhun. Ya daɗe yana kallon ramin da aka tona, da yadda falle-fallen suka kwanta, masu kauri a gefe guda, sirara a ɗaya gefen. Sai ya sauke sarƙar ya ajiye a ƙasa. Ya durƙusa da ƙyar, ƙafar hagu a miƙe, ya bar tsakiyar da Florjan ya tona, ya zura hannu can gefen hagu, dab da jikin buhu, inda furen bai dannu sosai ba. Ya lalaba sau biyu. Ya zaro hannunsa.

Ƙunshin ya baje kamar an goge shi da dutsen guga, amma ganyen bai karye ba, ga zaren nan ja da baƙi, kitso uku. Warin tazargade ya tashi, har Strmole ya yi atishawa.

Zalka ta karɓa tana juyawa. Ita a tsakiya take jefawa, kullum a tsakiya, shekara da shekaru. Ta tambaye shi me ya kai shi gefe. Lovro ya sunkuyar da kai yana goge hannu a wando.

"Ni nake matsar da shi," in ji shi. "Abin da fada ya sa wa albarka, ya za a yi in taka shi da takalmi? Sai in sa shi ta wajen ƙafar da ba ta taka komai."

Shekara goma yana mata mita daga cikin buhu, ashe a can ƙasa, inda ba mai ganinsa, yana duƙawa ya ɗauki ƙunshin da hannu ya gyara masa wuri. Hawaye suka zo mata, ta ji haushinsu, don ba ta zo nan don ta yi kuka a gaban ɗan Cilka ba. Ta share da bakin ɗankwali ta ce masa munafuki. Ya ce ya ji.

Strmole bai jira an ce masa ba, ya sa aka kwantar da buhu na biyu mai karkata. Wannan karon Lovro ko tsagawa bai yi duka ba, ya yanka taƙi ɗaya a gefen hagu, ya zura yatsu, ya fito da ƙunshi na biyu. Leburorin suka saki dariyar da suke ta riƙewa. Strmole ya shiga zagin Rautner da kakannin Rautner, sannan ya juya kan Florjan, yana tambayarsa shekara nawa ke nan yana biyan kuɗin jirgi da kwastan don a kai ciyawar maƙwabtansa yawon buɗe ido a dawo masa da ita. Florjan yana tsaye tsuru-tsuru, garin furen har a gashin bakinsa. Ana gani an san aikinsa na lilo.

Zalka ta so ta bar shi ya sha, kuma ta bar shi ya ɗan sha. Amma ta tuna Cilka da yatsunta da suka yi baƙi da tsinka. Ta katse Strmole ta ce ya bar yaron, hancinsa bai yi ƙarya ba. A gaban shaidu ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa samun kaya kamar na wannan buhun ba, alhali ga na Jamus na gaske guda biyu a gefe bai ce musu haka ba. Ta ce hancin lafiyarsa ƙalau, ido ne ke shiga masa aiki, a riƙa rufe masa ido in zai shaƙa.

Florjan ya duƙa a hankali ya tsinci furen da ya zubar a ƙasa da farko, wanda aka taka. Ya murza, ya rufe ido da gaske, ya daɗe yana shaƙa. Da ya buɗe bai dubi kowa ba, ya ce babu tafarnuwa. Sannan ya tambayi buhu nawa suka rage a gida.

Ciniki kuwa an sha shi. Strmole ya fara da goma sha biyu, yana cewa ai ya fi na Rautner. Zalka ta ce ita arba'in da biyar ta ji ana faɗa a gari, kuma ta yafe masa kuɗin jirgi. Ya dafe ƙirji, ta miƙe za ta tafi, ya riƙo ta, sau uku ana haka. Aka tsaya a ashirin da shida, goma sha takwas ɗin duka, da alkawarin sayen na baɗi da na baɗi waccan, a rubuce. Ta ƙara sharaɗi ɗaya, kada a sake wa buhunan riga, a bar su da sunan Mohor da ke jikinsu. Da aka zo sa hannu ta tura wa Lovro alƙalamin, domin gonar tasa ce.

A hanyar komawa suka wuce gonar Jernej. Wutar ta mutu, sai toka da ramuka jere-jere, shi kuma yana tsaye a ciki da cebur. Ya ɗaga musu hannu suka ɗaga masa, Zalka ta kasa gaya masa labarin cinikin ranar. Abin ya tsaya mata a rai har gida, kuma da bazara ta zo ita ce ta kai masa yankan saiwa ɗari biyu a kwando, ta ce ya fara ƙirga shekara ukunsa.

Washegarin idin Waliyyi Martin, tun da safe, ta ji ƙarar sarƙa a tsakar gida. Ta san an yi ciniki, ta san an sa hannu, amma duk da haka sai da ta fito da gudu ba ko mayafi. Lovro ya riga ya ɗaura wa shanun. Ya kora su suka bi gefen gonar hemel, suka wuce layi na farko, suka wuce na ƙarshe, suka haura hanyar daji. Wajen azahar suka dawo suna jan dogayen itatuwa shida ɗaure a sarƙar, sababbin dirkokin da hemel ke hawa, na layin da zai ƙara ta wajen rafi.

Ya tarar da ita a bakin gona tana jiransa da burodi da tsiran alade a ƙyalle. Ya karɓa ya gutsura, ya nuna dirkokin da haɓa, ya ce baɗi buhu ashirin da biyar za a cika, ta fara neman ulu tun yanzu.